Darasi na 14: Wutar da Fararen Ƙwayoyin Jini Ke Hurawa da Yadda Suke Kashe Ta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana abubuwa huɗu: abin da ke faruwa a cikin jiki idan wuri ya kumbura, yadda fararen ƙwayoyin jini ke mai da iskar oksijin makami, irin furotin ɗin da ke kunna wannan makami da waɗanda ke kashe shi, da cututtukan da ke biyo baya idan makamin ya gaza ko ya wuce gona da iri.

Ƙaya a tafin ƙafa

Manomi yana sassabe gab da faɗuwar damina, sai ƙayar aduwa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya zauna a kan kunya ya zare ta, ya matse ɗan jinin da ya fito, ya ci gaba da aikinsa. Da dare wurin ya fara zogi. Kashegari ya tasa, ya ɗau zafi, launinsa ya sauya, har takawa ta zama aiki. Bayan kwana uku sai ga ɗan farin baki a tsakiya, mugunya ta taru. Ta fashe, zogin ya lafa, kafin mako ya zagayo mutumin ya manta da zancen.

Wannan shi likitoci ke kira kumburi, kuma ma'anarsa a wurinsu ta fi tasowar fata faɗi. Tun ƙarni na 1 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamunsa huɗu: ja, zafi, tasowa da ciwo. Kowace alama tana da dalili. Hanyoyin jinin wurin suna buɗewa, jini ya kwararo da yawa, shi ya sa wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Bangon hanyoyin yana sakewa, ruwa ya tsatso cikin nama, shi ne tasowar. Ta wannan ƙofa kuma dakarun jiki ke fitowa.

Masu riga kowa isa su ne fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil. A ɗigon jini da bai kai kan allura ba, wato maikrolita 1, lafiyayyen baligi yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000, kuma kashi 50 zuwa 70 cikin 100 niyutrofil ne. Ɓargon ƙashi yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu kowace rana, domin ba sa daɗewa a duniya. Mugunyar da ta fito daga ƙafar manomin, akasarinta gawarwakinsu ne, haɗe da ƙwayoyin cutar da suka kashe da ragowar naman da ya lalace.

Wanda ya fara fahimtar aikin irin waɗannan ƙwayoyi ma da ƙaya ya fara. A 1882, a birnin Messina na Italiya, masanin Rasha Elie Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tsakon wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garai yake kamar gilashi. Da gari ya waye ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya kafa hujjar cewa jiki yana da ƙwayoyin da ke haɗiye abokan gaba, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908. Sai dai haɗiya daban, kisa daban. An shafe shekaru da dama kafin a gano da me suke kisan.

Numfashin da ba na numfashi ba

A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Baldridge da Gerard, suka lura cewa da zarar farar ƙwaya ta haɗiye ƙwayar cuta sai ta kama zuƙar oksijin fiye da kima. An ɗauka ƙarfi take nema, kamar mai gudu da ke haki. A 1959 Sbarra da Karnovsky suka rushe wannan zato. Sun zuba wa ƙwayoyin gubar sayanaid, wadda ke tsai da numfashin da ke samar da ƙarfi, amma zuƙar oksijin ɗin ba ta tsaya ba. Ashe wani aikin daban ake yi da ita. A 1973 Bernard Babior ya nuna abin da ake yi: ƙwayar tana ɗora wa oksijin ilektron guda ɗaya, ta mai da ita wani abu mai ƙuna da ake kira sufa'oksaid.

Oksijin ɗin da ke cikin iska, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na abin da mutum ke shaƙa, tana cin abu sannu a hankali. Ita ke sa lauje tsatsa, ita ke sa man gyaɗa ya sauya ɗanɗano idan ya daɗe. Amma idan aka ɗora mata ilektron, sai ta haifi wasu 'ya'ya masu saurin far wa duk abin da suka taras. Masana suna taƙaita sunansu da haruffa uku, ROS. A wannan darasi za a kira su tartsatsin oksijin.

Tartsatsin yana tafiya ne hawa-hawa. Sufa'oksaid biyu suna haɗuwa su ba da haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake sayarwa a kantin magani mai kumfa a kan rauni. Daga nan wani inzayim mai suna mayeloferoksidas, ko MPO a taƙaice, ya ɗauki haidirojin feroksaid ya haɗa shi da kulorayid, rabin gishirin da ke cikin jiki. Abin da ke fitowa ɗan'uwa ne na jini ga sinadarin bilic da mata ke jiƙa farin kaya da shi. Seymour Klebanoff ne ya bayyana wannan hanyar kisa a 1967. MPO yana da yawa ƙwarai, kusan kashi 5 cikin 100 na busasshen nauyin niyutrofil, kuma launinsa kore ne. Shi ya sa mugunya da kakin mai ciwon ƙirji kan yi kore-kore. Masanin Siwidin Kjell Agner, da ya fara ware shi a 1941, da sunan korensa ya kira shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bilic bai san ƙwayar cuta ba, bai san naman mai shi ba. Ba sani ba sabo yake ci. Ta yaya jikin da ke ƙera biliyoyin ƙwayoyi masu irin wannan guba kullum bai ƙone kansa ba?

Bindigar da ake ajiyewa a warwatse

Maharbin da ya san aikinsa ba ya barin bindiga ɗure a ɗakin da yara ke shiga. Albarushi yana ƙaho, harsashi yana jaka, bindigar tana rataye, sai an shiga daji ake haɗa su. Haka niyutrofil ke yi da na'urar da ke ƙera sufa'oksaid, wadda ake kira NADPH oksidas.

Na'urar tana da sassa shida, kowanne furotin ne mai zaman kansa. Biyu, gp91 da p22, suna dashe a jikin tantani, kuma mafi yawansu a ɓoye suke a jikin ƙananan buhunan ajiya da ke cikin ƙwayar. Anthony Segal da Owen Jones ne suka gano wannan ɓangare a Ingila a 1978. Uku kuma, p47, p67 da p40, suna yawo a ruwan cikin ƙwayar. Lambobin suna nuni ne da nauyin kowannensu. Na shida wani ƙaramin furotin ne mai suna Rac. Muddin sassan nan ba su taru wuri ɗaya ba, ko ɗigon sufa'oksaid ba ya fita.

Kowane sashe ma da nasa makullin. Furotin p47 yana zaune ne a naɗe, hannayen da zai kama p22 da su suna rungume a ƙirjinsa. Sai wasu inzayim, irin su PKC, sun liƙa masa ƙwayoyin fosfet a wurare da dama kafin ya warware, ya ja p67 da p40 su nufi tantani. Shi kuwa Rac wani furotin ne mai suna RhoGDI ke riƙe da shi kamar akuya a turke, sai saƙo ya zo a sake shi. Idan duk sun hallara, gp91 ya ɗauko ilektron daga wani sinadari mai suna NADPH, ya tsallakar da shi tantani, ya miƙa wa oksijin a ɗaya gefen.

Ɗaya gefen nan shi ne sirrin. Lokacin da niyutrofil ta haɗiye ƙwayar cuta, tana lulluɓe ta ne a cikin wata 'yar jaka rufaffiya. A jikin jakar ake haɗa na'urar, bakinta yana kallon ciki. Buhunan da ke ɗauke da MPO su ma su zo su juye kayansu a ciki. Gubar tana taruwa inda abokin gaba yake, kamar wutar maƙera da ke narkar da ƙarfe a cikin murhu alhali rumfar kara tana tsaye a kanta.

Akwai kuma mataki na tsakiya. Niyutrofil da ke yawo a jini ba ta tashi gaba ɗaya daga saƙo guda. Saƙonnin farko, irin su furotin TNF da wasu ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa, ko ɓurɓushin bangon bakteriya, suna sa ta cikin shirin ko-ta-kwana: a liƙa wa p47 fosfet kaɗan, a matso da buhunan ajiya kusa. Sai ta yi arba da ƙwayar cutar sannan wuta ta tashi, kuma a lokacin tana tashi da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Bayan an gama, wasu inzayim su cire fosfet ɗin, Rac ya koma turkensa, sassan su watse.

Masu kashe gobara

Duk da wannan tsari, tartsatsi yana tsallakewa. Domin haka jiki ya tanadi furotin masu bin sawunsa. Na farko shi ne SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1969. Yana mai da sufa'oksaid haidirojin feroksaid kan a ce kwabo. Na biyu katalas, wanda ke farfasa haidirojin feroksaid ya koma ruwa da oksijin. Ƙwayar katalas guda tana farfasa miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Kumfar da ake gani idan an zuba haidirojin feroksaid a kan rauni aikinsa ce: oksijin ce ke tserewa. Na uku inzayim ne da ke aiki da wani sinadari mai suna gulutatayon, kuma yana buƙatar ma'adinin seleniyom.

Niyutrofil tana ɗauke da wasu na musamman. Laktoferin yana damƙe sinadarin ƙarfe, domin idan ƙarfe ya haɗu da haidirojin feroksaid ana samun tartsatsi mafi muni duka, ga shi kuma bakteriya na buƙatar ƙarfen don su hayayyafa. Kalfurotektin, wanda ya kai kimanin kashi 40 cikin 100 na furotin ɗin ruwan cikin niyutrofil, aiki biyu yake yi: yana taimaka wa na'urar ta tashi, sannan shi kansa yana shanye wani ɓangare na tartsatsin. Yawansa ya sa likitoci ke auna shi a bayan gida don sanin ko hanji ya kumbura.

Wani bincike a kan ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane a jiki ya nuna a fili yadda tartsatsi ke tashi a bakin rauni da yadda ake kashe shi. 'Ya'yan kifin garai suke, ana kallon ƙwayoyinsu suna tafiya da rai. A 2009 Philipp Niethammer da abokan aikinsa a Harvard suka yanke ƙarshen wutsiyar ɗan kifin, suka ga cikin 'yan mintoci ƙwayoyin fatar wurin sun saki haidirojin feroksaid, ya yi yawa a bakin raunin, yana raguwa in an yi nisa. Fararen ƙwayoyi suka bi shi kamar mai bin ƙamshin girki har suka isa. Da aka hana fatar fitar da shi, sai zuwan nasu ya ragu sosai. Ashe tartsatsin ba kisa kaɗai yake yi ba, kira ne ma.

A 2012 ƙungiyar Graham Lieschke a birnin Melbourne na Ostireliya ta ƙara gaba. Sun ga cewa da isowar niyutrofil bakin raunin sai haidirojin feroksaid ya fara sauka, kuma MPO ɗin da suka zo da shi ne ke cinye shi. A kifayen da niyutrofil ɗinsu ba su da MPO, ƙwayoyin sun iso kamar kullum, amma haidirojin feroksaid ya daɗe bai sauka ba. Furotin ɗin da ke ƙera bilic shi ne kuma ke kashe ƙararrawar da ta kira shi.

Yaran da wutarsu ba ta kamawa

A shekarun 1950 likitocin yara a jihar Minnesota ta Amurka, cikinsu har da Robert Good, suka bayyana wata cuta da ke kama yara maza. Maruru kan fito musu ba ƙaƙƙautawa, kaluluwa ta kumbura ta fashe, mugunya ta taru a hanta, huhu ya kamu sau da yawa, kuma akasarinsu ba sa kai shekara goma. Abin ɗaure kai, fararen ƙwayoyin jininsu suna nan da yawa, suna kuma haɗiye ƙwayoyin cuta lafiya lau. A 1967 aka gano cewa bayan haɗiyar ba sa zuƙar oksijin ɗin nan, ƙwayar cutar sai ta zauna da ranta a cikin jakar. A wannan lokaci ne Robert Baehner da David Nathan suka fito da gwaji mai sauƙi: wani rini mai ruwan ɗorawa da ke komawa shuɗi mai duhu a cikin lafiyayyar niyutrofil, amma a ta waɗannan yara ba ya sauyawa.

Cutar ita ake kira CGD. A Amurka tana samun kusan jariri 1 cikin 200,000. Dalilinta lalacewar ɗaya daga cikin sassan na'urar ne ta hanyar gado. Kimanin kashi biyu cikin uku matsalar gp91 ce, wanda ƙwayar gadonsa ke kan kuromosom X, shi ya sa maza suka fi kamuwa, suna gadonta daga uwayen da su kansu galibi lafiyarsu ƙalau. A 1986 ƙungiyar Stuart Orkin a Boston ta gano wannan ƙwayar gado. Sauran nau'o'in, kamar na p47, sai an gada daga uwa da uba duka, don haka sun fi yawa a inda auren zumunci ya yawaita. A yau ana kare masu cutar da maganin Septrin da maganin fangas na kullum, wasu kuma ana yi musu dashen ɓargo su warke, da yawa suna girma har su manyanta.

Masu CGD sun koya wa likitoci wani abin da ba a zata ba. Tunda ba su da tartsatsi, an yi tsammanin kumburinsu zai yi sauƙi. Sai aka ga akasin haka: raunukansu suna jinkirin hucewa, ƙulle-ƙullen kumburi suna toshe musu hanyar abinci ko ta fitsari, da yawa kuma hanjinsu yana kumbura ko babu ƙwayar cuta. A 2003 ƙungiyar Rikard Holmdahl a birnin Lund na Siwidin ta samu irin wannan a ɓeraye. Sun nemi ƙwayar gadon da ke sa wasu ɓeraye mummunan ciwon gaɓɓai, sai ta kasance ta p47, kuma ɓerayen da ke fitar da tartsatsi kaɗan su ne ciwon ya fi tsananta a kansu. Bayanin da aka samu shi ne, tartsatsin yana cikin saƙonnin da ke cewa yaƙi ya ƙare. Yana taimakawa niyutrofil ta mutu a kan kari, manyan ƙwayoyi masu shara da ake kira makrofaj su kwashe gawarta kafin ta fashe, sannan yana lafar da wasu ƙwayoyin garkuwa.

Idan wuta ta fi ƙarfin murhu

Ɗaya ɓangaren ya fi yawa a asibitoci. Idan ƙwayoyin cuta suka bazu cikin jini, niyutrofil ko'ina sai su shiga shirin ko-ta-kwana, su maƙale a ƙananan hanyoyin jinin huhu, su zubar da tartsatsi da inzayim a waje. Bangon hanyoyin ya lalace, ruwa ya cika huhu, numfashi ya gagara.

Akwai kuma ɓarnar da ke tafiya a hankali. Niyutrofil tana da wani inzayim mai suna ilastas da ke yanka zaren da ke ba huhu talewa. Hanta tana ƙera wani furotin, alfa-1 antitiripsin, mai kama ilastas ya hana shi aiki. Amma tartsatsin oksijin yana lalata wannan mai gadi ta hanyar taɓa wuri guda tak a jikinsa. A bakin rauni hakan yana da amfani, domin ilastas ya samu ɗan fili ya share mataccen nama. Hayaƙin taba kuwa yana ɗauke da nasa tartsatsin, yana kuma janyo niyutrofil cikin huhu kullum, sai mai gadin ya raunana shekara da shekaru, huhun ya saki, mutum ya koma haki daga ɗaki zuwa zaure. Hayaƙin itace a rufaffen madafi ma yana haddasa irin wannan ciwon huhu, kuma mata masu girki da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa.

Mai guda, aiki biyu

NADPH ɗin da na'urar ke ɗebo ilektron daga gare shi ana samun sa ne daga sukarin jini, ta hannun wani inzayim mai suna G6PD. Shi ne kuma dai ke sabunta gulutatayon bayan ya kashe tartsatsi. Wato rumbu ɗaya ne ke ba da man hura wutar da ruwan kashe ta.

Ƙarancin G6PD gado ne da ke tare da mutum kimanin miliyan 400 a duniya, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar, musamman ga maza. A nau'in da ya fi yawa a Afirka fararen ƙwayoyi suna samun abin da ya ishe su; jajayen ƙwayoyi ne ke shan wahala, domin ba su da wata hanyar samun NADPH. Mutum yana zaune lafiya, sai ya sha wani magani irin su firimakwin ko dafson, ko zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, jajayen ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Fararen ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin tufafi suna yin haka ga jarirai masu wannan ƙaranci, su jawo musu shawara mai haɗari. Kada a haɗa kayan jariri da kafur.

Zazzaɓin cizon sauro ma yana taɓa wannan tsari. Likitoci sun daɗe da lura cewa yaran da suka yi fama da shi sukan kamu da bakteriyar Salmonella a jini. A 2012 Aubrey Cunnington da abokan aikinsa suka nuna cewa fashewar jajayen ƙwayoyi tana sa ɓargo ya fitar da niyutrofil masu raunin wuta, kuma a yaran Gambiya da suka bincika raunin ya ɗauki makonni bayan an kashe zazzaɓin. Saboda haka yaron da ya warke daga maleriya, in zazzaɓi ya dawo masa, a mai da shi asibiti maimakon a sake sayen maganin maleriya a kemis. Ciwon suga da ba a kula da shi ba ma yana rage ƙarfin niyutrofil, yana cikin dalilan da ke sa ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ya zama gyambo.

Ganin ɓarnar tartsatsi ya sa aka taɓa zaton ƙwayoyin magani masu kashe shi za su hana cututtuka. An gwada. A Finlan aka bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar beta-karotin kullum. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Wani gwaji a Amurka an tsai da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. Abin da masana abinci ke ba da shawara a kai shi ne samun waɗannan sinadarai daga abinci, irin su zogale, alayyahu, karas, gwaba, lemo da wake, inda suke zuwa daidai gwargwado. Haka kuma rauni sabo ruwa mai tsabta da sabulu ya fi dacewa da shi. Yawan zuba haidirojin feroksaid yana kashe sababbin ƙwayoyin da ke rufe raunin, bilic ɗin wanki kuwa ba a kusantar da shi ga rauni ko kaɗan.

Muhimman kalmomi

Niyutrofil: farar ƙwayar jini mafi yawa, mai fara isa wurin rauni.
Tartsatsin oksijin: sinadarai masu ƙuna da ake samu daga oksijin, kamar sufa'oksaid da haidirojin feroksaid.
Inzayim: furotin da ke hanzarta wani aikin sinadari a jiki.
NADPH oksidas: na'ura mai sassa shida da ke ƙera sufa'oksaid.
MPO: koren inzayim da ke ƙera sinadarin bilic, yake kuma rage haidirojin feroksaid a bakin rauni.
Katalas: inzayim da ke mai da haidirojin feroksaid ruwa da oksijin.

Tambayoyi

1. Mene ne alamun kumburi huɗu, kuma me ke jawo kowanne?
2. Wane gwaji ne ya nuna cewa oksijin ɗin da niyutrofil ke zuƙa ba don neman ƙarfi ba ne?
3. A bayyana hanyoyi uku da niyutrofil ke bi don kada tartsatsi ya ci naman mai shi.
4. Me ya sa masu CGD ke fama da yawan kumburi alhali ba su da tartsatsi?
5. Me ya sa ake hana sa kafur a kayan jarirai?

Aikin aji

Malami ya zo da ɗanyar hantar akuya, kofunan gilashi biyu, da kwalbar haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 daga kantin magani. A yanki hantar gida biyu daidai, a tafasa yanki ɗaya na minti 5 a bar shi ya huce. A zuba haidirojin feroksaid cokali uku a kowane kofi, a jefa ɗanyen yankin a na farko, dafaffen a na biyu. Ɗalibai su rubuta abin da suka gani a kowane kofi, su faɗi sunan iskar da ke cikin kumfar, sannan su tattauna abin da tafasawa ta yi wa katalas. A kiyaye kada ruwan ya shiga ido, a zubar da hantar bayan an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.